Mudu biyu a rumfa ɗaya: dabarar kasuwa ce ko zunubi?

Maman Biyu:
Salama a gare ku iyayena da 'yan'uwana. Akwai maganar da ta hana ni barci tun ranar Lahadi, na ga gara in kawo ta nan, tun da akwai 'yan kasuwa irina, akwai kuma waɗanda suka fi ni sanin Littafi Mai Tsarki.

Shekara 11 ke nan ina sayar da hatsi a Sabon Tasha, Kaduna: masara, wake, gero, dawa, wani lokaci da acca. In zan je sari a kasuwannin ƙauye ta hanyar Kachia, akwai mudun da nake tafiya da shi. Babba ne, bakinsa a buɗe, a cika shi ya yi tozo, a kuma tare da hannu. In na dawo rumfa, wani mudun daban nake auna wa masu saye da shi, wanda aka ɗan bubbuga gindinsa ya shige ciki. In ka gan su tare ba za ka ce da bambanci ba, amma a buhu ɗaya nakan samu rarar mudu 4 ko 5. Haka na tarar ana yi, haka wadda ta koya mini sana'ar ta nuna mini, ban taɓa ɗaukar abin a bakin komai ba.

Ranar Lahadi a ajin nazari aka karanta Maimaitawar Shari'a 25:13-16, inda aka hana mutum ajiye ma'auni iri biyu a jakarsa ko mudu iri biyu a gidansa, babba da ƙarami. 'Yata aka ba karatun. Ita ce kuma take wanke mini mudun nan biyu duk ranar Asabar. Da ta kai wurin sai muryarta ta yi ƙasa, ba ta kalle ni ba har muka isa gida.

Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, kuɗin mota ke cinye ribar buhu. Rarar nan ce nake ciyar da yara da ita. Ku gaya mini tsakani da Allah, abin da nake yi zunubi ne?

Mai Shago Kakuri:
Maman Biyu, ki kwantar da hankalinki. Wannan ba sata ba ce, tsarin kasuwa ne. Kowa ya san mudun ƙauye daban, mudun gari daban. Manomi ya sani, mai saye ya sani. Da za ki auna da babban mudu a gari, ai kuɗin ma ƙaruwa zai yi, ka ga an dawo wuri ɗaya. Dokar nan ta Isra'ilawa ce a zamaninsu, mu kuwa muna ƙarƙashin alheri.

Dattijo Narayi:
Ɗana na Kakuri, na ji ka, amma bari in yi wa 'yata tambaya ɗaya. Maman Biyu, matar da ta zo sayen wake mudu 2, in ta ce ki kifa mudun ta ga gindinsa, za ki kifa da sakin fuska?

Maman Biyu:
Baba, ba zan so ba.

Dattijo Narayi:
To, ai kin ba kanki amsa. In da gaske kowa ya sani, me ya kawo guduma? Da sai a sayi ƙaramin kwano a ajiye a fili, a ce jama'a ga abin da nake awo da shi, ga kuɗinsa. Ana bubbuga gindin mudu ne don ido ya ga babba, hannu ya karɓi ƙarami. Ba na faɗin wannan don in ƙara miki nauyi, 'yata. Wanda zuciyarsa ta mutu ba ya rasa barci a kan irin wannan.

Mu da muka tashi da tsohon juyin Littafi Mai Tsarki na Hausa na 1932, Kubawar Shari'a muke kiran Maimaitawar Shari'a, Karin Magana kuma Misalai. Sunan ya canja a sabon juyi, maganar tana nan yadda take. Kai kuma ɗana, batun alheri, ka duba 1 Tasalonikawa 4:6 da Luka 3:13. Da masu karɓar haraji suka tambayi Yahaya Mai Baftisma abin da za su yi, bai ce su bar aikin ba, cewa ya yi kada su karɓi fiye da abin da aka ƙayyade. Alheri bai taɓa rage wa mudu zurfi ba.

Ɗalibin Tauhidi:
Ina gaida iyaye. Baba ya gama magana, ni ƙarin bayani kawai zan yi, don abin da Mama ta kwatanta yana cikin Amos 8:4-6 kusan kalma da kalma.

Amos makiyayi ne daga Tekowa, mai kula da itatuwan ɓaure, ya yi annabci a ƙarni na 8 kafin haihuwar Almasihu, zamanin Yerobowam na biyu. Lokacin ƙasar tana cikin wadata, kasuwa tana ci. A zamanin ba a fara amfani da tsabar kuɗi a Isra'ila ba, azurfa ake aunawa a sikeli da duwatsu. Shi ya sa dokar ta ce kada a samu duwatsu iri biyu a jaka. Mudunsu na hatsi sunansa efa, yana cin wajen lita 22, shekel kuma nauyi ne na wajen giram 11. Amos ya ce 'yan kasuwar suna ƙanƙanta efa, suna ƙara wa shekel nauyi. Wato hatsin da za su ba ka ya ragu, azurfar da za ka biya ta ƙaru. Cuta biyu a ciniki ɗaya. Ya ce har sharar alkama suke haɗawa su sayar, wato algus ke nan irin na tsakuwa a shinkafa.

Abin da ya fi ba ni tsoro a wurin, mutanen nan masu ibada ne. Suna kiyaye ranar hutu ta Asabar, ba sa buɗe rumfa. Amma suna zaune a wurin sujada suna ƙosawa, yaushe ranar za ta wuce mu koma awo.

Sai kalmar da ake fassarawa “abin ƙyama” a Karin Magana 11:1 da 20:10 da 20:23. Ita ce dai kalmar da Maimaitawar Shari'a 27:15 ta yi amfani da ita a kan gunki. Mu mukan ɗauki tsafi babban zunubi, tauye mudu kuwa ɗan wayo. Littafi ya sa musu suna ɗaya.

Manomin Citta:
Ku yi haƙuri in shigo, don kowa yana maganar ƙaramin mudu, ba wanda ya taɓa babban. Ni a wajen Kachia nake noma, Kaduna nake zuwa wurin yara. Babban mudun nan mu yake ci.

Ɗan'uwa na Kakuri ya ce manomi ya sani. I, mun sani. Amma sani daban, yarda daban. Matar da ta ɗauko masara a ka tun asuba ta yi tafiyar awa biyu, ɗanta yana kwance a asibiti ko an koro shi daga makaranta, in 'yan sari duka sun zo da mudu iri ɗaya, ina za ta kai? Ta koma da kayan gida? Tana kallo ana tare awo da hannu har da damtse, buhun da ta auna mudu 40 a gida ya koma 34, ta karɓi kuɗin ta juya. A 2023 da cuta ta cinye mana citta a Kachia da Jaba da Kagarko, gidaje da yawa ba su da abin sayarwa sai ɗan hatsin da suka ajiye na ci. A shekarar ma da babban mudu aka auna mana. Wasu masu awon, ranar Lahadi waƙa ɗaya muke rerawa da su.

Maman Biyu, ba da ke nake ba ke kaɗai. Ke ce ma ta farko da na taɓa ji ta yi tambaya.

Maman Biyu:
Baba, maganarka ta shige ni. Akwai wata tsohuwa da nake saye a wurinta tun ina goyon 'yan biyu. Kullum sai ta ƙara mini gyara a kan awon, ta ce in kai wa jikokinta.

Mai Shago Kakuri:
Ni fa ban ce cuta tana da kyau ba. Amma mu faɗi gaskiya, magana a waya tana da sauƙi. A ce gobe ta koma cikakken mudu. Dole ta ƙara kuɗi, in ba haka ba uwar kuɗi ta narke. Maƙwabciyarta tana nan da bubbugaggen mudu tana kiran farashi ƙasa da nata. Mai saye ba ya duba gindin mudu, kuɗi yake ji. Cikin sati biyu kayanta sun yi kwantai, ƙwari sun shiga wake. Wa zai biya kuɗin makarantar 'yan biyun? Dattijo ne ko ɗalibi? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ni shekara 20 ina kasuwa, na ga masu gaskiya da suka karye, na ga 'yan algus da suka gina benaye.

Dattijo Narayi:
Ba ka yi ƙarya ba, ɗana. Mai Zabura ta 73 ma abin da ya gani ke nan har ƙafarsa ta kusa zamewa. Ba zan yi wa 'yata alkawarin cewa riba za ta ninka ba, don ban ga inda aka rubuta haka ba. Zabura 15 ta yaba wa wanda yake cika alkawari ko da zai cutu, wato an san akwai cutuwar. Tambayar da ta yi ita ce ko zunubi ne, ita na amsa. Yadda za ta tsaya da ƙafarta kuwa, wannan aikinmu ne mu duka, kuma ka fi ni sanin hanyarsa.

Uwar Zumunta:
Bari in sa baki a matsayin wadda ta yi shekaru tana sayar da manja da garin rogo kafin ƙafa ta hana ni.

'Yata, Littafi bai hana riba ba. Macen kirki ta Karin Magana 31 'yar kasuwa ce, ta duba gona ta saya, tana saƙa tana sayar wa fatake, ta kuma san cinikinta yana da riba. Lidiya ta Ayyukan Manzanni 16 mai sayar da tufafi masu tsada ce, a gidanta Bulus ya sauka a Filibi. Ki lissafa kuɗin saye, kuɗin mota, kuɗin dako, kuɗin rumfa, ki ɗora ribarki a kai, ki faɗi farashi da bakinki. Mai saye ya taya, ki ce albarka ko ki sallama. Ribar da aka faɗa da baki halal ce. Wadda aka ɓoye a gindin mudu ita ce matsalar.

Ga abin da na gani da idona. Akwai wata Hajiya da muka yi maƙwabtaka a Babbar Kasuwa. Mudunta ɗaya, kuɗinta kullum ya ɗara na kowa kaɗan. Mai wucewa ya ji farashi ya wuce. Amma masu tuwon sayarwa da masu ƙosai da masu makarantun kwana, wurinta suke, don su suna sake awo a gida, sun san abin da mudu yake haifarwa a tukunya. Na taɓa tambayarta, ta ce mini a Alƙur'ani akwai sura guda, Muɗaffifina, a kan masu cika awo in za su karɓa, su tauye in za su bayar. Na ji kunya ranar, don ni ma a lokacin kwalabar manjana ba ta kai ba, ga Littafi a jakata. Daga ranar na canja. Wata 3 na farko na sha wuya, ba zan ɓoye miki ba.

Ɗalibin Tauhidi:
Mama ta tuna mini abu. Dokar mudu ta Littafin Firistoci 19:35-36 tana biye ne kai tsaye da dokar baƙo, aya 33 da 34, inda aka ce kada a zalunci baƙo, a ƙaunace shi kamar kai. Babin nan ne kuma yake da “ka ƙaunaci maƙwabcinka” a aya 18. A garin nan da kogi ya raba mu, wasu a Kawo da Tudun Wada, wasu a Sabo da Narayi, na sha jin ana cewa ai wancan ba namu ba ne, a ɗora masa. Mudu ba ya tambayar addinin mai saye.

Uwar Zumunta:
Haka ne ɗana. Amma ban gama ba, don in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Masu saye, ku matso.

Karin Magana 20:14 ta zana ku sarai: mai saye yana ta kushe kaya, ba kyau, ba kyau, in ya tafi sai ya yi ta fahariya ya samu banza. Za ki ga mace ta sauko daga mota mai sanyi, ta tsaya kan yarinya mai tallan gyaɗa tana ja-in-ja a kan abin da bai kai kuɗin ruwan leda ba, amma in ta shiga babban kanti ta biya abin da aka rubuta ba ko tari. Irin wannan matsin yana cikin abin da ke tura masu awo ga guduma.

Sai bashi. Nawa ne cikin matan zumuntarmu jarinsu ya karye a hannun 'yan ikilisiya? “Mama a ba ni mudu 5, ƙarshen wata.” Ƙarshen wata ya zo, sai gaisuwa daga nesa. In ta yi magana a ce ba ta da ƙauna. Zabura 37:21 ta ce mugu ne yake cin bashi ya ƙi biya. An ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, to amma hanjin ma ai ana sauke shi. Maman Biyu, nawa ake riƙe miki yanzu?

Maman Biyu:
Mama, in na buɗe littafin bashi, ya fi kuɗin buhu 2. Fiye da rabi 'yan'uwa ne na coci.

Uwar Zumunta:
Kun ji ko? Duk wanda ya san sunansa yana littafin nan kuma yana karanta wannan, ya san abin yi kafin Lahadi. Kada mu ce ta gyara mudu alhali jarinta yana tukunyarmu.

Tela Barnawa:
Na yi shiru ina karantawa, don na ɗauka mu teloli ba mu da mudu. Ashe muna da shi. Mutum ya kawo yadi 5, na san 4 da rabi zai isa, ban faɗa ba, ragowar ta zama hular yaro ko aljihun wani. Muna kiransa ƙyalle don kada mu kira shi da sunansa. Sannan alkawari. Duk Disamba nakan karɓi ankon mutum 30 alhali na san ƙarfina 20 ne, ina cewa “jibi in Allah ya yarda”, na kuwa san ba jibin ba ne. Matiyu 5:37 ta ce i ɗinmu ya zama i, a'a ya zama a'a. Ni har sunan Allah nake jinginawa a kan ƙaryar.

Wanda ya fi damuna, yaran shago. Akwai wanda ya gama koyo, yana ɗinka mini riga cikakkiya, ina ba shi kuɗin abinci kawai, wani satin ma in ce sai an biya ni. Yaƙub 5:4 ta ce hakkin ma'aikatan da aka danne yana kuka har kunnen Ubangiji. Littafin Firistoci 19:13 ma ba ta yarda ladan ɗan ƙodago ya kwana a hannunka ba, ko dare ɗaya. Yau da yamma zan zauna da yaron.

Mai POS Talabijin:
Tun da ana fitowa fili, ni ma ga nawa. Farkon 2023 lokacin ƙarancin takardar kuɗi, na caji mutane abin da har yau in na tuna sai in ji ba daɗi. Na ce wa kaina ai ni ma sayen kuɗin nake. Gaskiya ne ina saye, amma abin da nake ɗorawa ya wuce haka nesa, don na ga layi kuma na san ba su da zaɓi.

Tambayata a kan ajiya ce. Yanzu ina sayen masara da kaka daga Saminaka in ajiye, in fitar da damina lokacin da ta yi tsada. Wani ya ce mini Karin Magana 11:26 ta la'anci mai ɓoye hatsi. Amma Yusufu ma ai ajiya ya yi a Masar.

Mai Shago Kakuri:
A nan kam ba wanda zai ce mini laifi ne. In ba masu ajiya, manomi zai rasa mai saye da kaka, a watan Yuli kuma a rasa masara a kasuwa. Mai ajiya yana biyan sito, yana ɗaukar kasadar ƙwari da faɗuwar farashi. Wasu shekarun ma faɗuwa ake yi warwas.

Ɗalibin Tauhidi:
Na yarda da kai a wannan, Yaya. Yusufu ya tara kashi ɗaya cikin 5 na amfanin shekaru 7 na ƙoshi, amma da yunwa ta zo sai ya buɗe rumbuna, Farawa 41:56. Ayar Karin Magana kuma ba ta tsaya a la'ana ba, ta sa albarka a kan wanda ya fitar ya sayar. Ajiya don lokacin rashi daban, kulle sito a tsakiyar rashi ana jiran yunwa ta ƙara tsananta daban.

Manomin Citta:
Ku ƙara da maganin da ake zubawa. Masu ajiyar wake da ke yayyafa masa maganin ƙwarin nan Sniper, su sani abinci ne mutane za su ci. Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wakenmu tun 2015 saboda irin wannan maganin, mu kuwa muna dafa wa yaranmu. Ga buhunan nan masu leda biyu a ciki da ke kashe ƙwari ba magani, ga kuma jarka mai murfi. Sun fi tsada kaɗan, shi ke nan.

Maman Biyu:
Na gode muku duka. Na riga na san amsar tun Lahadi, ina neman wanda zai ce mini ba komai ne. Yanzu abin da ya rage mini, na baya fa? Shekara 11. Ban san adadin mutanen ba, wasu sun tashi, wasu sun mutu. In na tuba na canja mudu, ya isa?

Mai Shago Kakuri:
Haba, kada a kai ta inda ba za ta iya ba. Allah mai gafara ne. A bar kaza cikin gashinta.

Rabaran:
Salama, 'yan'uwa. Ina biye da ku tun safe, na bari ne ku yi, don kun fi ni sanin kasuwa.

Maman Biyu, gafara kyauta ce, ba da mudu ake sayenta ba, kuma ba sai kin biya kafin Ubangiji ya karɓe ki ba. Ki riƙe wannan da kyau. Amma a Littafi, tuba a kan dukiya takan zo da mayarwa. Littafin Firistoci 6:1-5 ya ce wanda ya cuci maƙwabcinsa ya mayar da abin, ya ƙara kashi ɗaya cikin 5. Zakka, mai karɓar haraji na Yariko, a Luka 19, shi da kansa ya ce zai mayar ninki 4, ba wanda ya tilasta masa. Yesu ya riga ya shiga gidansa kafin ya faɗi haka. Mayarwar ta biyo bayan karɓar ne.

Ba wanda zai ce ki nemo kowa. Ki fara da waɗanda kika sani. Tsohuwar nan mai ba ki gyara, kin san rumfarta. Masu saye na kullum, kin san fuskokinsu. Ki gaya musu gaskiya, ki riƙa mayarwa a hankali gwargwadon ƙarfinki, ko da rabin mudu ne a kan kowane awo, ba tare da kin karya jarinki ba.

Ɗalibin Tauhidi:
Baba Rabaran, Littafin Ƙidaya 5:8 ya ce in ba a samu mai hakkin ko danginsa ba, a kai wa Ubangiji ta hannun firist. Ba za ta iya sa na waɗanda ba ta sani ba a baikon coci ba?

Rabaran:
Ayar tana nan, ɗana, ka karanta daidai. Amma ina jin tsoron yadda mukan yi da ita. Sa kuɗi a baiko ya fi sauƙi a kan tsayawa gaban tsohuwa a ce Mama na cuce ki. Matiyu 5:23-24 ta ce a bar baikon a gaban bagade a je a shirya da ɗan'uwa tukuna. Mu ma shugabanni muna da laifi a nan: mukan yi wa mai babban baiko godiya ba mu taɓa tambayar mudunsa ba. In ta gama da waɗanda ta sani, na waɗanda suka ɓace ta auna hatsi ta kai wa gwauraye da marayu na unguwarsu, kowane addini ne, don daga bakin irinsu aka rage.

Kai kuma ɗan'uwa na Kakuri, tambayarka ta kuɗin makaranta ba a amsa ta ba, kuma tambaya ce ta gaskiya. Ina roƙon Uwar Zumunta, hatsin da za a saya na taron mata da na gidan fasto, a duba rumfar 'yar'uwarmu.

Uwar Zumunta:
An gama, Baba. Zan kuma yi wa matan adashinmu magana a ba ta ɗauka ta gaba.

Maman Biyu:
Ina kwananku iyayena. Na ce bari in dawo in gaya muku inda aka kwana. Ranar Litinin na ba 'yata ƙusa ta huda gindin ƙaramin mudun da hannunta. Babban ma na ajiye shi, na sayi sabo guda ɗaya na daidai, shi zan riƙa saye da sayarwa da shi.

Ciniki ya ragu, ba zan ɓoye ba. Jiya mutum 4 suka ji farashi suka wuce rumfar gaba ina kallo. Maƙwabciyata ta daina amsa gaisuwata, ta ce ina so in nuna su ɓarayi ne, alhali ban ce da kowa komai ba. Mai ƙosai ɗaya ta dawo ta tambaye ni ko na canja wake ne, don ƙullunta ya ƙaru. Na gaya mata gaskiya. Ta yi shiru, ta ce Allah ya yafe mana duka, ta sayi mudu 3. Mutum biyu daga coci sun kawo bashinsu.

Wanda nake jin tsoro shi ne ranar kasuwar ƙauye. Ban san da wane baki zan fara yi wa tsohuwar nan magana ba, kuma sauran 'yan sari za su ga mudun da na zo da shi.

Mai Shago Kakuri:
Har yanzu ina ganin za ki sha wuya fiye da yadda ake gaya miki. Amma ki turo mini lissafin buhu ɗaya, saye da mota da dako, in duba miki inda za a rage. Akwai direban da ke ɗauko mini kaya ta hanyar, yakan dawo da wuri a mota, sai ku raba kuɗin.

Uwar Zumunta:
'Yata, ba ke kaɗai za ki je ba. Ƙafar tawa za ta kai ni mota. Ki same ni a tasha ƙarfe 6, ki zo da sabon mudun, ki kuma auno wake mudu 2 a leda na tsohuwar.